Shekarar da Muka Mayar da Zaure Aji

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, makarantar kuɗin da 'ya'yana biyu suke zuwa ta ƙara kuɗin zango, mai Adaidaita Sahun da ke kai su daga Ɗorayi shi ma ya ninka nasa. Albashin Baban Khalifa kuwa yana nan inda yake. Muka je muka duba firamaren gwamnati ta kusa da mu. Tun 2019 gwamnatin Ganduje ta ce ilimi kyauta ne kuma dole, amma ajin da na leƙa yara sun cika shi har bakin ƙofa, wasu a ƙasa, malama ɗaya tana ta fama muryarta ta dishe. Ban ga laifinta ba, sai dai ban ga yadda za ta gane cewa Khalifa, ɗan aji uku, bai iya haɗa baƙi ba.

Wannan ne ya fi damuna fiye da kuɗin. A makarantar kuɗin yana rera waƙoƙin Turanci tiryan-tiryan, sakamakonsa cike da yabo, amma in ka nuna masa kalma a jikin kwalin madara sai ya yi zuru. Hadda ce zalla. Ina da NCE, takardar shaidar malanta, sai na ce wa maigida ya ba ni shekara ɗaya in gwada koyar da su a gida da kaina.

Hajiya surukata ba ta so ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, yaro a gida kamar mara lafiya? Me mutane za su ce?" Na ce, "Hajiya, ai ke ma a zauren malam kika sauke Alƙur'ani." Ta yi dariya ta ce wancan karatun allo ne, boko kuwa sai da takarda. Daga baya na ga inda maganarta ta dosa.

Na sayo littattafan da suka bi manhajar gwamnati a kasuwar Sabon Gari, aka shafa wa falle ɗaya na katako baƙin fenti ya zama allo. Muna farawa bayan karin kumallo mu tashi kafin azahar, da la'asar su tafi Islamiyya. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne fara karatu da Hausa. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa: yaro ya san b da a, ya samu ba, ya haɗa baba, ya kuma san abin da ya karanta. Da Khalifa ya kama wannan, Turancin da harafi ɗaya ke sauya sauti daga kalma zuwa kalma ya daina ba shi tsoro. Lissafi kuwa da canjin cefane muka yi shi. Kafin zango na biyu ya ƙare maƙwabta biyu sun turo nasu, kuma hakan ya taimaka, don yaro shi kaɗai gaban uwarsa shagwaɓa yake yi.

Wahalar a kaina ta ƙare. Ranar da aka yi baƙi, ko suna a dangi, ko zazzaɓi ya kama ni, babu makaranta. Ɗinkin da nake samun na kashewa da shi ya tsaya. Duk mai cewa karatun gida ya fi arha bai saka lokacin uwar a lissafi ba.

Sai kuma takardar da Hajiya ta faɗa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su sa yaro firamare da ƙaramar sakandare, har da tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari ga wanda aka sake kamawa da laifin ƙin yi. Babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, amma jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake rajistarta. Ni kuma burina Khalifa ya shiga makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, waɗanda tun 1977 suke fitar wa Kano likitoci da injiniyoyi. Ba za a kai can da shaidar cewa uwarsa ta ce ya iya ba.

Saboda haka a zangon farko na shekarar karatu ta 2024/2025, 'yan watanni bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, muka sa shi a firamaren gwamnatin nan dai. Hedimasta ya gwada shi da karatu da lissafi ya sa shi aji huɗu. Ajin har yanzu a cike yake, amma yaron da ya iya karanta abin da ke kan allo ba ya ɓacewa a cikin taro. Bayan magariba muna zama mu bi abin da aka yi ranar. Ƙanwarsa tana wurina tukuna, sai ta iya haɗa baƙi za ta bi shi.