Ɗaukar hoto a birnin Kano: lokaci da wurin tsayawa

Yawancin hotunan da baƙi ke komawa gida da su daga Kano, lokacin ɗauka ne ya ɓata su, ba waya ba. Tsakanin ƙarfe 11 na safe da 3 na yamma rana tana tsakar ka: inuwar hula ko rawani ta rufe idanu, farar babbar riga ta ƙone har ba a ganin aikin ƙirjinta. Haske mai taushi bai wuce awa ɗaya da rabi bayan fitowar rana, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. Ka tsara yawonka a kan waɗannan lokuta biyu.

Fara da gini. Zanen bangon Gidan Makama, gidan tarihin Kano, tudu da kwari ne, kuma inuwa ce ke fito da shi. In rana tana bayanka, bangon zai fito shafe. Ka zaga har ta koma gefen kafaɗarka. Kada ka matsa gindin bango ka ɗaga waya sama, domin zankwaye za su karkace, ginin ya yi kamar zai kife baya. Ja da baya taku goma, sa 2x don jawo ginin kusa, riƙe wayar a miƙe. Kunna layukan ragar nan da ke raba fuskar kyamara gida tara, ka daidaita gefen ƙofa da ɗaya daga cikinsu.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, ita ce inda na fi so mutum ya daɗe. Kowa tsayawa yake yi ya ɗauki filin gaba ɗaya, sai hoton ya cika da ramukan da ba a aiki a cikinsu. Zaɓi marini ɗaya. Tsuguna har kyamara ta yi daidai da hannunsa, bakin ramin ya zagaye ƙasan hoton, sauran ramuka su jeru a bayansa. Sannan ka jira. Zane in ya fito daga ruwan baba da ɗan kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi. Lokacin da marini ya ɗaga shi ruwa na zuba shi ne hoton. Matsalar a nan ita ce kyamara tana ganin duhun shuni sai ta ƙara haske da kanta, launin ya koɗe. Taɓa zanen a fuskar waya, ka ja alamar ranar nan ƙasa kaɗan. Mai babbar kyamara ya rage haske da -0.7 ko -1. Kuma don Allah a yi sallama, a nemi izini, a sayi ko da ɗankwali ne. Wurin neman abincinsu ne.

A Kasuwar Kurmi duhu ne abokin gaba. Lungunan matsattsu ne, rumfuna sun tare rana. Filasha tana kashe launin kayan fata da duwatsun ado, bar ta a kashe. Nemi ɗan kasuwar da ke bakin rumfa inda haske ke sauka, taɓa fuskarsa a fuskar waya ka danne har hasken ya kulle, jingina gwiwar hannu da bango. A babbar kyamara kada saurin ƙiftawa, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, ya gaza 1/125 na daƙiƙa. Gara ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 da hoto ya girgiza. Mata kuwa, ba a ɗauka sai da yardarsu.

A kan Dutsen Dala kuskuren kowa ɗaya ne: rabin hoto farin sama, rabi rufin kwano, ido bai san inda zai sauka ba. Mayar da layin da ƙasa ta haɗu da sama kan layin raga na sama, ka sa gefen dutse ko mutum a gaba, sannan ka nemi abu guda a nesa, kamar Goron Dutse ko hasumiyoyin Babban Masallaci. Da hunturu hazo yana cinye nesa, don haka a bar wa damina wannan hoto, musamman safiyar da ta biyo bayan ruwa.

In ka dace da Hawan Daushe, doki a guje yana bukatar saurin ƙiftawa na 1/1000. A waya, yi amfani da ɗauka a jere. Bar fili a gaban dokin, ta inda ya nufa, kada hancinsa ya taɓa gefen hoto. Ƙurar kofato tana haske in rana tana bayan mahaya. Tsaya inda dogarai suka tsayar da jama'a, lokacin jafi, wato sukuwar gaishe da sarki, doki ba ya kauce wa mai hoto.

Ita wannan ƙurar tana karce gilashin kyamara. Kada ka goge da bakin riga. Hure ta tukuna, sannan ka sa ƙyalle mai laushi. Kada kuma ka sauya gilashin babbar kyamara a fili, shiga mota ko ɗaki.