Abin da masu ganga suka koya mini a Pune

Shekarata ta farko ta karatu a Pune, a jihar Maharashtra ta Indiya, haushin bikin Ganesh, abin bautar Hindu mai kan giwa, nake ji. Tun saura wata guda da ɗoriya, ƙarar ganga take hana ni bita kowace yamma. Abokin ɗakina, wanda Hindu ne, ƙarfe shida na yi zai rufe littafi ya fice, ya dawo tafin hannunsa duk kanta. Na ɗauka shiririta ce.

Wata rana ya ja ni wurin atisayensu a bakin kogin Mutha. Samari da 'yan mata ne jere a sahu, kowa da ƙatuwar gangar da suke kira dhol ɗaure a ƙugu. A ƙungiyarsu sabon shiga ba ya fara kiɗa. Sai ya yi kwanaki yana dakon ganguna, yana jan igiyoyinsu, yana share fili. Kafin a buga ko sau ɗaya sai sun yi addu'arsu, kuma ba mai tsallake ganga, don abin girmamawa ce a wurinsu. Wanda ya makara, ko ɗan wane ne, baya zai koma.

Daga baya na san cewa Lokmanya Tilak, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, shi ne ya ƙarfafa fito da bikin daga gidaje zuwa titi a 1893, zamanin mulkin Ingila, don jama'a su sami wurin haɗuwa. Har yau kusan kowace unguwa na da kwamitinta, mandal. Matasa ne ke bi gida-gida karɓar gudummawa da rasit, su kafa rumfa, su tsaya kan ibadar safe da yamma kwana 10, har ranar da za a kai gunkin a nutsar a ruwa.

Ni Musulmi ne, ban shiga ibadarsu ba, su ma ba su nema ba. Amma na lura dattawansu ba su cika doguwar nasiha ba, amana suke danƙa wa yaro su koma gefe suna kallo. Mu kuwa mun fi son zaunar da matasa mu yi ta yi musu faɗa, jakar kuɗi tana hannun manya.

Da Babbar Sallah ta zo, ni aka ɗora wa shirya walimar ɗalibanmu. Sai na miƙa littafin kuɗi ga mafi ƙanƙantarmu, duk da gunagunin wasu. Bayan kwana biyu ya kawo lissafi, rupi 40, kuɗin Indiya, ta yi ɓatan dabo. Tun kafin in buɗe baki ya cika daga aljihunsa.