Sifirin Farko da Lambar Ƙasa: Yadda Ake Kiran Waya Daga Ƙetare

Sau da yawa kiran da ke ƙin shiga daga ƙasashen waje ba laifin rashin sabis ba ne, sifirin da ke farkon lamba ne yake hana shi tafiya. Lambar wayar salula a Najeriya alƙaluma 11 ce, amma sifirin farko na amfanin cikin gida ne kawai, domin shi ke shaida wa kamfanin waya cewa kiran bai bar ƙasa ba. Saboda haka alhajin da ya sayi layin Saudiyya a Makka, idan zai kira iyalinsa a Kano, sai ya fara da +234, ya jefar da sifirin, sannan ya rubuta sauran alƙaluma 10, wato 0803 ya koma +234 803. Su ma mutanen gida idan za su kira shi, +966 za su sa, su cire sifirin 05 ɗin da lambobin salular Saudiyya suke farawa da shi. Haka abin yake ga Gana mai +233, da Sudan mai +249, da Birtaniya mai +44.

Sai dai wannan ƙa'ida ba ta game ko'ina ba, kuma nan ne 'yan kasuwarmu suka fi ruɗewa. Lambar Nijar alƙaluma 8 ce, ba ta da sifirin cikin gida ko kaɗan, don haka mai kiran Maradi daga Katsina +227 kawai zai ɗora a gaban lambar yadda aka ba shi ita. Chadi ma alƙaluma 8 ne bayan +235, Kamaru kuwa 9 ne bayan +237, kuma na salula da 6 suke farawa. Kwaddibuwa ta mayar da lambobinta alƙaluma 10 a shekarar 2021, Jamhuriyar Benin ta bi sahu a ƙarshen 2024 inda ta ƙara 01 a gaban kowace lamba, kuma a ƙasashen biyu sifirin yana cikin jikin lambar, wanda ya cire shi ba zai samu kowa ba. Duk wanda yake da tsohuwar lambar abokin ciniki a Kwatano, ya kamata ya gyara ta zuwa +229 01 kafin ya zargi mutumin da ƙin ɗaukar waya.

Ita alamar + tana tsayawa ne a madadin lambar fita daga ƙasar da mai kira yake, wadda ta bambanta daga wuri zuwa wuri: yawancin ƙasashe 00 ne, Amurka da Kanada 011, Najeriya kuwa 009. Ban ga dalilin haddace waɗannan ba, tunda idan aka danne sifiri na ɗan lokaci a kan yawancin wayoyin salula alamar za ta fito, kuma tana aiki a kowace ƙasa. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ita ce ke raba lambobin ƙasashe, ta kuma ƙayyade cewa cikakkiyar lamba ba za ta wuce alƙaluma 15 ba. Lambobin ƙasashen Afirka duk da 2 suke farawa.

A ganina, abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya adana kowace lamba da lambar ƙasarta tun ranar farko, har ta maƙwabcinsa, domin lambar da aka adana da +234 tana shiga a cikin gida ba tare da ƙarin kuɗi ba, ba ta kuma buƙatar gyara idan an ƙetare iyaka. Sanin waɗannan lambobi yana da wani amfanin na daban, domin akwai 'yan damfara da ke yin filashin daga ƙasashe masu nisa, su jira a kira su a kan layi mai tsadar gaske wanda suke da kaso a kuɗinsa. Idan lambar ƙasar da ta bayyana a waya ba ta inda mutum yake da ɗan'uwa ko abokin hulɗa ba ce, gara ya bar mai kiran ya sake kira da kansa.