Kafin yatsanka ya sauka kan Enter

Jiya da yamma na tsaya bayan yaron da aka turo mana IT, wato ɗalibi mai koyon aiki, ya buɗe baƙaƙen tagogin SSH guda biyu a laftof, irin waɗanda ake rubuta wa na'ura umarni daga nesa ta cikinsu, ya kwafo wani umarni daga wayarsa ya manna, POWEROFF SERVER ALL FORCE, mai kashe duk sabobi, wato manyan kwamfutocin aiki, da ke cikin akwati guda nan take, yatsa har ya hau Enter. Wallahi ban san sanda na cafke masa hannu ba. Na ce ɗana wane akwati kake ciki? Ya ce Oga na gwaji ne. Na ce nuna min inda aka rubuta haka. Sai ya yi tsuru tsuru.

Wannan layin ya taɓa ritsawa da ni, lokacin ina aiki wani wuri nan Zariya wajen Samaru. Muna da akwatin HP c7000 guda biyu, ɗaya na gwaji ɗaya na aiki, irin mai ɗaukar saba 16 da fankoki 10 a bayansa, ana shiga ta Onboard Administrator (OA), wato na'urar da ke sarrafa akwatin. Watan Afrilu ne, ga zafi, aka ɗauke wuta cikin dare, janareta ya tashi amma AC ya ƙi, duk sanda na buga SHOW ENCLOSURE TEMP sai in ga zafin yana ta hawa, fankokin nan suna ihu ko maganar mai gadi ba na ji. Na ce bari in kashe na gwajin ɗakin ya ɗan huce. Ashe tagar na aikin nake ciki. Shi kuma FORCE ba ya jiran saba ta rufe abin da take rubutawa, take yake yanke mata wuta. Rumbun bayananmu ya lalace, albashi ya makara, masu shara da direbobi suna ta sintiri a ƙofar ofis, mutane masu iyali, ni kuma na san ni ne.

Amma fa a faɗi gaskiya, ɗan kwangilar da ya kafa su bai sa musu suna ba, ya bar su da sunan kamfani, OA da jerin lambobi masu kama da juna, ni kaɗai a ɗakin ba barci, kuma da na ƙyale zafin ai da wani abu ya ƙone a ce ni ne dai. To amma shekara nawa ina ganin sunayen nan ban canza ba? SET OA NAME ne kawai, layi ɗaya. Hannuna ne ya buga.

Na so in jero muku abubuwa da yawa, amma yaran yanzu ko littafin umarnin ba ku buɗewa, sai kwafe daga waya, to ga kaɗan. Ku ba kowane akwati suna. Kafin ka kashe saba, buga SET SERVER UID da lambarta da ON, ka tashi da ƙafarka ka je ka ga shuɗiyar fitilar ta kama a inda kake zato. Ka adana saitin akwatin da SHOW CONFIG ya fitar kafin ka taɓa komai. Kada ka kuskura ka rubuta ALL. Ko da yake ranar da AC ya mutu da gaske sai ka rubuta shi, kuma da sauri, babu lokacin danne danne a burauza, shi ya sa nake jin haushin masu gudun baƙar tagar nan gaba ɗaya.

Mu manya kuma mu daina miƙa wa ɗan IT kalmar sirrin Administrator don muna gaggawar tafiya gida. A buɗe masa nasa asusun da ADD USER, a ba shi saba biyu ta ASSIGN SERVER, ya koyi hannu a kansu.