Danfo, ɗan kunkurun gidanmu, da yadda biredi ya kusa kai shi lahira

Ƙanin maigida ne ya taho mana da shi daga Arewa a motar albasa da ta sauke kaya kasuwar Mile 12 a nan Legas, cikin wani kwalin sabulu da aka huhhuda, girmansa bai wuce tafin hannun autata ba. Yara suka sa masa suna Danfo, wato motar hayar nan ta Legas, don tsokana, tunda daga ƙofar kicin zuwa gindin tankin ruwa sai ya ci rabin awa, na ce ai sunan ya dace, duk wanda ya taɓa maƙalewa a gosulon Oshodi ya san danfo ma haka yake tafiya.

Wata ukun farko wallahi abun da muke ci shi muke ba shi, biredin Agege a jiƙa da shayi, shinkafa, guntun tuwo, wataran har madara, kuma yana ci fa, ni a tunanina gata nake masa. Kwalin nasa na falo jikin gilashin taga saboda tsoron ɓeraye, kun dai san ɓerayen Legas, wani sai ka rantse mage ce.

Rannan da safe sai ga auta ta ɗauko shi, "Umma, bayan Danfo ya zama roba." Na danna da yatsa ya lotsa, idonsa a kumbure, ko jan jiki ba ya yi sosai. Babansu ya ce a bar shi kawai ai kunkuru ba ya mutuwa da wuri, ni dai na saka hijabi na tafi wajen likitan dabbobi.

Da na lissafa masa abincin sai da ya cire tabarau ya dube ni, ya ce "Hajiya, wannan fa saniya ce mai ƙoƙo a baya, ciyawa take ci." Ashe irin na Sahel ne da ake kira sulkata, waɗanda ke rayuwa tun daga Senegal har Sudan, cikinsu an yi shi ne don ciyawa da ganye mai kaushi, su biredi da madara da nama ɓata masa hanji suke har su taɓa ƙoda. Abun da ya fi ba ni mamaki, ƙoƙon nan ƙashi ne, haɗe yake da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, sai da sinadarin kalsiyam yake ƙwari, shi kuma kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D3 da fata ke samarwa in rana ta taɓa ta. Gilashi kuwa yana tare wannan ɓangaren na hasken, wato duk zaman da yake jikin taga zafi kawai yake sha a banza.

Yanzu ina idar da aikin safe nake sa shi a faranti mai ruwan ɗumi, iya haɓarsa kar ya wuce don wannan irin bai iya iyo ba, minti 15 zuwa 20, a nan yake shan ruwa ya yi kashinsa, har da wani farin abu kamar man goge baki da na ɗauka cuta ce ashe fitsarinsu ne haka. Daga nan sai tsakar gida ya sha hantsi, amma dole da inuwar da zai gudu, ƙarami irinsa rana na iya kashe shi cikin ɗan lokaci, kuma in ya kife da baya a juya shi da sauri.

Abinci kuwa ciyawa ce kan gaba, a tsohuwar robar wanka na shuka ta don ta bakin titi hayaƙin mota da maganin feshi sun gama da ita. Sai lalo, wanda maƙwabciyata Bayarabiya ke ce wa ewedu, da ganyen yakuwa da rama da na kuɓewa, ugu, ganyen miyar nan na 'yan kudu, shi ma yana ci. Alayyahu kaɗan nake ba shi don yana riƙe kalsiyam, kankana da gwanda kuwa sai an daɗe duk da yana haukan son su, zawo suke sa shi. Sau biyu a sati in dafa ɓawon ƙwai in daka shi lukui in barbaɗa a ganyen. Kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu, suna ɗauke da ƙwayar salmonela, wannan kam ba na wasa da shi.

A kula fa, kunkurun dajin kudu mai ƙoƙon da ke rufewa ta baya shi daban ne, yana cin katantanwa da tana, kar a ɗauki lissafin nawa a ɗora masa.

Danfo dai ya yi ƙwari, Alhamdulillah, damuwata yanzu girma ce. Irinsu na wuce kilo 50, suna haura shekara 70, ga haƙa rami. Kun tuna Alagba, kunkurun fadar sarkin Ogbomosho, da ya mutu a 2019 aka ce shekararsa 344? Masana sun musa lissafin, amma dai ya tsufa. Mu kuma haya muke, ɗaki biyu da falo. Jiya na kama shi yana tonon gindin katanga, na yi maza na cike wajen da ƙasa kafin mai gidan hayar ya leƙo.