Waldar ƙaramar wuta a kan siririn ƙarfe

Yawancin kayan da ake kawo mana ba sa cika tafin hannu. Bututun sitenles ne, wato ƙarfe marar tsatsa, mai kaurin rabin milimita, ko kwanson na'urar auna zafi, ko ɗan faifan ƙarfe da ke cikin na'urar auna matsin iska, ko kuma bakin mazubin roba da ya ɓantare ana son a cike shi ba tare da siffarsa ta canza ba. Mu kaɗan ne a shagon, kuma da wuya a ga mun ɗaga injin walda ya haura amfiya 30 (amfiya ma'aunin ƙarfin wutar lantarki ce). Ayyuka da yawa tsakanin amfiya 5 da 15 muke gama su, wutar da mai waldar ƙofa ko ƙarfen gini ba zai ma kunna inji dominta ba.

Waldar TIG muke yi. A cikinta tsinken ƙarfen tangistin ne ke riƙe da harshen wuta, shi kuwa ba ya narkewa cikin aikin, domin sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salsiyas kafin ya narke. Iskar argon na fita daga bakin toci, wato abin da mai walda ke riƙewa wanda tsinken ke cikinsa, ta lulluɓe wurin, ta hana iskar duniya taɓa narkakken ƙarfe. In ana buƙatar ciko, da ɗaya hannun ake ba da waya. Russell Meredith ne ya kammala wannan dabara a kamfanin jiragen sama na Northrop da ke Amurka a 1941, lokacin da suke neman hanyar haɗa ƙarfen magniziyam, kuma da iskar hiliyam ya fara. Abin da ya sa ta dace da aikinmu shi ne wuta daban take, ciko daban. Kana iya ba da zafi ba tare da ka ƙara ƙarfe ba, kana kuma iya rage zafin da feda a ƙarƙashin ƙafarka ana cikin aiki.

Akwai lissafin da masu walda suka daɗe suna farawa da shi: kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya ta kaurin baƙin ƙarfe. Ke nan ƙarfe mai kaurin milimita 0.3 zai nemi wajen amfiya 12. Sitenles yakan nemi ƙasa da haka, saboda zafi ba ya saurin gudu a jikinsa, inda aka sa shi nan yake taruwa. To amma lambar da ke fuskar inji ba ita ce matsalar farko ba. Tashin wutar ne. Injina da dama, ko an saita su a amfiya 8, sukan buɗe da wuta mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido domin harshen ya kama, sannan su sauko. A ƙarfe mai kauri ba wanda zai lura. A siriri kuwa, kafin ka ga komai rami ya riga ya fito. Shi ya sa in zan sayi inji ba na tambayar iyakar ƙarfinsa. Ina tambayar mafi ƙarancin wutar da zai iya riƙewa ba tare da harshen ya yi rawa ba, da kuma ko ana iya saita wutar tashi. Injinan zamani masu inbata sun fi tsofaffi masu taransifoma a wannan fanni nesa ba kusa ba. Kuma lallai ne wutar ta iya tsallakawa da kanta ba sai tsinke ya taɓa ƙarfe ba, domin ɗan abu mai nauyin giram kaɗan taɓawa ɗaya ta isa ta gusar da shi daga inda aka saita shi.

Tsinken ma da nasa sharaɗin. Mai kaurin milimita 1 muka fi amfani da shi, wani lokaci 0.5. In tsinke ya yi wa wuta kauri, bakinsa ba ya ɗaukar zafin da zai sa harshen ya tsaya wuri guda, sai ka ga yana yawo yana lasar gefe. Muna wasa shi ya yi tsini sosai, a dutsen lu'ulu'u da ba a taɓa ɗora wani ƙarfe a kansa ba, kuma wasawar ta bi tsawon tsinken. In zanen wasawa ya kewaye shi, wutar ma kewayawa za ta yi. Mun daina amfani da mai jan kai, wanda aka gauraya da sinadarin toriyam, saboda ƙurarsa na da ɗan tururin nukiliya kuma mai wasawa ne ke shaƙa. Wanda aka gauraya da sinadarin lantanam yana tashi lafiya a ƙaramar wuta, ya ishe mu.

Duk wannan na inji ne, kuma kuɗi na iya sayensa. Abin da na fi so mai karatu ya gane shi ne, a siririn ƙarfe kusan an gama yanke hukuncin walda tun kafin a kunna wuta. In bakunan biyu ba su haɗu tsam ba, babu gwanintar hannun da za ta ceci aikin. Kowane baki zai narke ya janye baya, ya naɗe kansa, sai tsakani ya buɗe. A ƙarfe mai kauri gibin milimita ɗaya ba komai ba ne, waya za ta cike. A ƙarfe mai kaurin milimita 0.3, gibin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kaurin ya fara zama haɗari, wato abin da ido ba ya gani sai an ɗaga shi a gaban haske. Don haka mafi yawan lokacinmu yana tafiya ne wajen goge baki, daidaitawa, da ƙera abin da zai matse kayan ya riƙe su daram. Wani lokaci ƙera mariƙin kan ci yini, waldar kanta kuwa ba ta kai minti ɗaya ba.

Nan ne nake yawan zama da masu kawo aiki tun suna kan zane. Idan injiniya ya zana faifai siriri zai haɗu da jiki mai kauri kai tsaye, nakan roƙe shi ya bari a fitar wa mai kaurin da ɗan leɓe daidai kaurin faifan. Dalilin a fili yake: kafin ɓangare mai kauri ya yi zafin narkewa, siririn ya riga ya ƙone. Amma in leɓuna biyu masu kauri ɗaya suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, wuta za ta narkar da su tare, ba ma sai an sa waya ba. Wannan ɗan canji a takarda yakan raba aikin da zai yiwu da wanda za a yi ta zubarwa.

Sai tsafta. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya bar ƙananan ramuka a cikin walda. Da sinadarin asiton muke gogewa, har wayar cikon, daga nan ba mai taɓawa sai da safar hannu mai tsabta. Ina ja wa kowa kunne a kan sinadaran wanke ƙarfe masu kulorin, irin wasu da ake fesa wa birki. In ragowarsu ta gamu da zafi da hasken walda tana iya zama iskar fosjin, guba ce da ke lalata huhu. Ba na barin irinsu su shigo shagon ko da don wani aiki ne daban.

Da an kunna wuta, tambayar ita ce ina zafin zai tafi. Muna manna jan ƙarfe a bayan haɗin da gefensa, saboda yana jan zafi fiye da sitenles sau ashirin da wani abu. Muna kuma sa wutar ta riƙa bugawa, ta hau ta narkar, ta sauka ƙarfe ya ɗan daskare, ta sake hawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Amma akwai tarkon da kusan kowane sabon hannu ke faɗawa. Tsoron huda ƙarfe kan sa ya rage wuta ƙwarai, sai ya tsaya wuri ɗaya yana jiran ya narke. Yana jira zafi na bazuwa, har ɗan kayan gaba ɗaya ya yi ja, ya lanƙwashe, daga ƙarshe ma ya huje ɗin. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma a wannan aiki jan jiki ƙona kaya yake yi. Gara a ƙara wuta kaɗan, ruwan ƙarfe ya bayyana nan take, a wuce da sauri. Haka kuma tazarar tsinke da ƙarfe ba za ta kai milimita ɗaya ba. In ka ɗaga hannu, harshen zai baje ya dumama wuri mai faɗi maimakon layin da kake bi.

Kafin a ja layi sai an ɗiga ƙananan ɗigo da za su riƙe haɗin, kusa da juna, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa kishiyarsa domin kada janyewar ƙarfe ta karkatar da shi. A ƙarshen layi kuma ba a ɗauke wuta farat ɗaya. Ana sassauta feda a hankali har ruwan ƙarfen ya rufe kansa, in ba haka ba sai a bar ɗan rami mai tsaga a ciki, kuma ta nan kayan da ke riƙe iska suka fi yoyo. Toci yana nan a wurin, argon na ci gaba da zuba, sai ƙarfe ya huce.

Mutane kan ɗauka yawan argon shi ne kariya. In ya yi yawa guguwa yake yi, ya jawo iskar waje ciki, har ya kaɗa ƙaramin harshen wuta. Muna sa raga mai laushi a bakin toci domin ya fita a natse. Ɓangaren bayan haɗin ma sai an ba shi nasa argon, musamman cikin bututu, domin sitenles da ya narke a buɗaɗɗiyar iska yakan yi baƙi ya yi gautsi. Launin walda shi ke ba da labari. Fari mai sheƙi ko ruwan zinare mai haske alama ce ta kariya ta isa. Shuɗi ya nuna an fara wuce gona da iri, toka-toka kuwa an ɓata. Ba don kyan gani muke damuwa da wannan ba. Abin da ke hana sitenles tsatsa shi ne kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. In ya daɗe a zafi tsakanin kimanin digiri 425 da 860, kuromiyam ɗin kan haɗe da kabon, sai gefen waldar ya rasa kariyarsa ya fara ci daga baya. Shi ya sa muke ba da shawarar sitenles nau'in 304L ko 316L, masu ƙarancin kabon. Ƙarfen taitaniyam ya fi kowa tsanani wajen buƙatar kariyar argon, domin yana shan iska tun bai narke ba, kuma in ya sha ya zama mai karyewa, babu gyara sai a yanke.

Ido ma sai an taimaka masa. Gilashi mai duhun da ya dace da babbar wuta makanta ne a amfiya 10. Wasu hulunan masu rufe kansu kuma ba sa jin ƙaramin haske, sai su buɗe ana tsakiyar aiki, don haka sai an zaɓi wadda aka yi domin wannan. Muna sa gilashin ƙara girma a ciki, mafi ƙanƙantar ayyuka kuwa a ƙarƙashin madubin duba ƙananan abubuwa mai kariya ake yin su. A zaune ake waldar, hannu biyu a jingine, kayan a kan faifai mai juyawa in zagaye ne. Ƙarancin wuta ba ya rage wajibcin rufe fata da jan hayaƙi waje, domin hayaƙin sitenles ba abin shaƙa ba ne.

Mai koyo in ya zo ba na ba shi waya da wuri. Yakan daɗe yana jan layi a kan guntayen ƙarfe har hannunsa ya daina rawa, sannan ya koma haɗa bakin reza biyu. Ranar da ya kawo ya ce, "Maigida, duba wannan," in ya yi kyau a ido sai mu yanka shi biyu mu duba cikinsa tare, mu lanƙwasa wani har ya karye mu ga inda ya karye. Haka muke yi wa kowane sabon aiki ma: gwaji a kan ƙarfe irinsa tukuna, a rubuta wuta da tsinke da yawan argon a littafi, kafin a taɓa kayan mutane.

Akwai kuma ayyukan da nake mayarwa. Ƙarfen da mai shi bai san irinsa ba, ba na ɗora masa wuta. Wanda aka shafe da zinki, ko farar tagulla mai zinki a jiki, tafasa yake yi ya ɓata tsinke ya cika wuri da hayaƙi. Siririn alminiyom muna karɓa, amma da sharaɗin a ba mu na gwaji, saboda fatar da ke kansa sai zafi ya haura digiri 2,000 take narkewa alhali shi kansa a 660 yake zubewa. Idan kuwa kaurin ya sauka ƙasa da milimita 0.1, ko akwai roba ko wayoyin lantarki daf da wurin haɗin, nakan faɗa wa mai kayan gaskiya cewa waldar leza ko ƙaramar filasma ce ta dace da shi, in kwatanta masa irin shagon da zai nema.