Ƴan kifin Tabalak

Yau a kasuwar Tawa na tsaya wurin mai kifi. Karfasa ce daga tabkin Tabalak, amma ko tafin hannu ba ta kai ba. Na ce, "Baba, waɗannan ai jarirai ne." Ya ce, "Ɗana, abin da koma ta kawo nake kasawa."

Sai Banc d'Arguin na gaɓar tekun Muritaniya ya faɗo mini a rai. Tun 1976 aka keɓe wurin. Masuntan Imragen, ƴan asalin wurin, kaɗai ke su a ciki, su ma da kwale-kwalen iska, ba inji, saboda cikin ciyawar ruwan nan ƙananan kifi ke girma, tsuntsayen Turai kuma nan suke gudun sanyi. Ciyawa, kifi, tsuntsu da masunci, lissafi ɗaya aka yi musu. Tabalak ma tana jerin Ramsar, wato jerin dausayoyin duniya da aka yi yarjejeniyar karewa, tun 2005, amma da irin wannan koma ban san me za a kamo baɗi ba.